Malam Abdullahin Gwandu: malamin da ya yi rubutu a kan daji, makiyaya da mashaya

Duk wanda ya bi hanyar Sakkwato zuwa Jega, ya ratsa Boɗinga da Shagari ya iso Tambuwal, to ya bi ta tsakiyar ƙasar da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi shekarunsa na girma a cikinta. An fi saninsa da tafsiri da nahawu da jagorancin yaƙi. Amma a cikin rubuce-rubucen da ya bari akwai wani ɗan littafi da ya taɓo matsalar da har yau take ci wa mutanen wannan yanki tuwo a ƙwarya, wato wane ne yake da ikon daji, kuma ina ne iyakar manomi da makiyayi da mai sarauta a cikinsa.

Haihuwa da neman ilmi

An haifi Abdullahi ɗan Muhammadu Fodiyo wajen shekara ta 1766 a ƙasar Gobir, a cikin zuriyar Toronkawa, waɗanda aka sani da malanta tun kaka da kakanni. Mahaifiyarsa ita ce Hauwa'u, kuma shi ƙane ne ga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya girme shi da kimanin shekaru 12. A wurin mahaifinsa ya karanta Alƙur'ani, sa'annan da ya kai shekara 13 aka danƙa shi a hannun wansa Usmanu.

Abin da ya sa masana suka san tafarkin karatunsa dalla-dalla shi ne, shi da kansa ya rubuta shi. A shekara ta 1812 ya wallafa Ida'un Nusukhi, inda ya jera malaman da ya ɗauki ilmi a wurinsu da littattafan da ya karanta a gaban kowannensu. Daga nan ne aka san cewa a wurin Shehu ya fara nahawu da tauhidi da waƙoƙin Larabawan farko, da kuma littattafan fiƙihun Malikiyya irin su Ahalari da Ishmawi da Risala. Ya saurari Sahihul Buhari a wurin ɗan'uwansu Alhaji Muhammadu ɗan Raji, ya kuma je wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru, malamin da ya fi kowa tasiri a kan Shehu.

A wancan zamani babu wani gini da ake kira jami'a a ƙasar Hausa. Ɗalibi yakan bi malami ne saboda littafi guda da ya ƙware a kai, idan ya sauke a ba shi ijaza, ya ɗauki buzunsa ya nufi wani malamin. Ta haka Abdullahi ya zagaya Gobir da Kabi da Zamfara, yana karatu yana kuma taya wansa wa'azi. A ɗaya daga cikin waɗannan tafiye-tafiye ne wani malami mai suna Mustafa Gwani ya soki Shehu saboda barin mata suna halartar wa'azinsa, Shehu ya umarci Abdullahi ya mayar masa da martani. Hujjar da ya kafa ita ce barin mata cikin jahilci ya fi abin da ake gudu muni.

Daga zauren karatu zuwa fagen siyasa

Abdullahi yana tare da Shehu a Magami wajen shekara ta 1788, lokacin da Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malaman ƙasarsa a ranar Babbar Salla ya yi musu kyauta. Shehu ya ƙi karɓar dukiya, a maimakon haka ya nemi a bar shi ya yi wa'azi, a saki fursunoni, a kuma sassauta wa talakawa haraji. Batun haraji ba ƙaramin abu ba ne a lokacin, domin jangali da ake karɓa a kan shanu yana cikin abubuwan da makiyaya suka fi kuka da su, kuma Shehu ya soke shi a rubuce.

Da dangantaka ta yi tsami tsakanin jama'ar Shehu da Sarkin Gobir Yunfa, sai aka yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu a watan Fabrairun shekara ta 1804. Abdullahi ne ya fara yi wa Shehu mubaya'a, shi ne kuma ya jagoranci runduna a yaƙin Tabkin Kwatto a watan Yunin wannan shekarar, inda aka karya mayaƙan Gobir. A shekara ta 1805 ya jagoranci cin Birnin Kabi, daga bisani jama'a suka sauka a Gwandu. A wannan shekarar ce kuma suka sha mummunan kashi a Alwasa, inda aka yi asarar mutane da dama.

To sai dai nasarar fagen fama ba ta kwantar masa da hankali ba. Ya lura cewa da yawa daga cikin abokan karatunsa sun riga mu gidan gaskiya a yaƙe-yaƙen farko, kuma waɗanda suka maye gurbinsu hankalinsu ya fi karkata ga sarauta da ganima da ƙawa. Wajen shekara ta 1807 ya bar runduna ba tare da sallama ba, ya nufi gabas da niyyar tafiya Makka. Da ya isa Kano mutanen birnin suka tsayar da shi, suka roƙe shi ya koya musu yadda ake tafiyar da mulki bisa shari'a. A nan ya rubuta Liya'ul Hukkami, ya karantar da tafsirin Alƙur'ani, kuma kamar yadda ya faɗa a littafinsa na tarihi Tazyinul Waraƙati, ya sa aka mayar da gangunan fada akusan ba dawaki abinci. Bayan haka ya fasa tafiyar ya komo gida.

Wannan hali na faɗin gaskiya komai ɗacinta bai bar shi ba. Ya yi saɓani na ilmi da Shehu kansa a kan wasu mas'aloli, kamar amfani da laƙabin sarauta da kaɗa ganguna da sa tufafin alfarma ga shugabanni, inda shi ya fi tsanantawa, Shehu kuma ya fi sassautawa. Kowannensu ya rubuta hujjojinsa a littafi, kuma hakan bai raba su ba. A shekara ta 1812 Shehu ya raba tafiyar da daular gida biyu, ya ba ɗansa Muhammadu Bello gabas, ya ba Abdullahi yamma. Abdullahi ya zauna a Boɗinga, kusa da Sifawa inda Shehu yake zaune a lokacin.

Dokar daji da makiyaya

Yankin da ya faɗo a hannunsa ƙasa ce ta fadamu da dazuzzuka, wadda ta haɗa manoma Kabawa da Zabarmawa da masunta da Fulani makiyaya. Yaƙi ya watsa garuruwa da dama, gonaki sun koma saura, ga kuma baƙi suna ta kwararowa suna neman wurin zama. Tambayar da alƙalai da hakimai suke fuskanta kullum ita ce, wannan fili da ba kowa a kansa, na wane ne?

Domin amsa irin wannan tambaya ce ya rubuta Ta'alimur Rali, littafin da cikakken sunansa yake nuni da dalilan da suke sa mutum ya keɓanta da matacciyar ƙasa, wato dajin da babu mai shi. Bai ƙirƙiro sabuwar doka ba. Abin da ya yi shi ne tattaro hukunce-hukuncen mazhabar Malikiyya a kan ƙasa, ya ajiye su wuri guda domin amfanin masu yanke hukunci.

A wannan mazhaba, hanyoyi huɗu ne suke fitar da fili daga hukuncin matacciyar ƙasa. Ta farko ita ce rayawa. Wanda ya sassabe daji ya nome shi, ko ya dasa itatuwa, ko ya yi gini, ko ya fito da ruwa, ya mallaki wurin. Amma kewaye fili da shinge kawai, ko yin kiwo a cikinsa, ba ya zama rayawa. Ma'ana, mai hali ba zai zagaye daji da ƙaya ya ce nasa ne alhali bai zuba guminsa a ciki ba. Haka kuma idan filin yana kusa da gari, sai da izinin shugaba, saboda kada a cuci mutanen garin.

Ta biyu ita ce harimi, kalmar da Hausawa suka mayar hurumi. Kowane gari yana da hurumin da mutanensa suke zuwa yin itace da kiwo su komo a yini guda, kuma ba wanda yake da ikon mallake shi shi kaɗai. Rijiya tana da nata hurumin, gwargwadon abin da ba zai cutar da ruwanta ko ya ƙuntata wa masu shayar da dabbobi ba. Ita ma itaciya tana da hurumi gwargwadon abin da take bukata domin ta rayu.

Ta uku ita ce yankan da shugaba yake yi wa wani daga cikin ƙasar da ba mai ita. Ta huɗu kuwa ita ce hima, wato shugaba ya keɓe wani yanki na daji ya hana a taɓa shi saboda amfanin jama'a. Malaman Malikiyya sun gindaya mata sharuɗɗa: a kasance ana bukatarta, ta zama kaɗan yadda ba za ta ƙuntata wa mutane ba, ta kasance a wurin da ba gona ba gini, kuma amfaninta ya koma ga al'umma ba ga shugaban ba. Asalin wannan hukunci shi ne keɓe filin Naƙi'u da Manzon Allah (SAW) ya yi kusa da Madina, da kuma na Rabaza da Sayyidina Umar ya keɓe. An ruwaito cewa Umar ya umarci mai tsaron wurin ya riƙa barin masu ƴan dabbobi kaɗan su shiga, ya hana garkunan manyan attajirai, saboda attajiri yana da abin komawa idan dabbobinsa suka mutu, talaka kuwa ba shi da shi.

Wannan babi na fiƙihu bai tsaya ga ƙasa kaɗai ba. Ya hana mutum ya riƙe rarar ruwan rijiyar da aka haƙa a daji domin dabbobi, ya kuma hana a kange ciyawar da ta tsiro da kanta a filin da ba na kowa ba. Game da namun daji kuwa, Risala, wadda Abdullahi ya karanta tun yana yaro, ta bambanta farautar neman abinci, wadda ta halatta, da farautar wasa da nishaɗi, wadda ta ce makaruhi ce. Hana farauta da sare itatuwa a haramin Makka da na Madina shi ma sananne ne ga duk ɗalibin fiƙihu.

Kalmomi irin su kare muhalli da gandun namun daji ba na zamaninsa ba ne, kuma abin da ya dame shi shi ne adalci tsakanin mutane. Amma duk wanda ya san rikicin burtali da mashaya a yau zai gane cewa tambayoyin ba su sauya ba.

Tambuwal da tsarin ribaɗi

Dangantakar Abdullahi da Tambuwal ta biyo ne ta kan ɗan wansa, Muhammadu Buhari ɗan Shehu, wanda ya yi karatu a wurinsa kuma ya gaji baiwarsa ta tsara waƙa da Larabci. Buhari ne ya zauna a Tambuwal ya mayar da ita ribaɗi, wato garin tsaron iyaka, kuma zuriyarsa ce take riƙe da sarautar garin. Saboda kusancinta da Gwandu, Tambuwal ta zama garkuwa ga hanyar da ta haɗa Gwandu da Sakkwato a shekarun da Kabawa suka ci gaba da yaƙi.

Ribaɗi bai tsaya ga aikin soja ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi amfani da shi wajen zaunar da makiyaya wuri guda, da ƙarfafa noma da sana'a da karatu. Duk inda aka kafa irin wannan gari, dole a yanka gonaki, a ware hurumi, a fitar da makiyaya da hanyar zuwa mashaya. Hukunce-hukuncen da Abdullahi ya tattara su ne irin abin da alƙalin sabon gari yake bukata a gabansa.

Saɓani da sulhu

Shehu Usmanu ya rasu a Sakkwato a watan Afrilun shekara ta 1817. Kafin Abdullahi ya iso daga Boɗinga an riga an yi wa Muhammadu Bello mubaya'a, kuma bisa ruwayar da ta shahara, ya tarar an rufe ƙofar gari. Ya juya ya koma Gwandu, aka yi ƴan shekaru tsakaninsa da ɗan wan nasa babu jituwa.

Abin da ya kawo ƙarshen wannan tsamin shi ne tawayen Kalambaina wajen shekara ta 1820, wanda ya yi wa Abdullahi nauyi. Bello ya taho da runduna ya taimaka aka murƙushe shi. Bayan yaƙin ne Abdullahi ya yi wa Bello mubaya'a a matsayin Sarkin Musulmi, shi kuma Bello ya tabbatar masa da ikon yammacin daular. Wannan sulhu ne ya kafa tsarin tagwayen hedkwatoci, Sakkwato da Gwandu, wanda ya ɗore har zuwan Turawa a shekara ta 1903. Ikon Gwandu ya kai Yawuri da Nufe, daga bisani har Ilori, ta yamma kuma ya ratsa Sayi a Nijar ta yau har zuwa Liptako a Burkina Faso.

Daga nan Abdullahi ya sakar wa ƴaƴansa da ɗan wansa Buhari yawancin harkokin yaƙi da mulki, ya koma ga abin da ya fi so. Tun kafin rasuwar Shehu ya kammala babban tafsirinsa Liya'ut Ta'awili, wanda aka buga a Alƙahira a shekara ta 1961 cikin juzu'i huɗu. Daga baya ya taƙaita shi domin ɗaliban da babban ya yi wa nauyi. Ya yi rubutu a kan nahawu da sarfu da usulu da hadisi da siyasar shari'a, da yawa daga ciki a waƙe domin sauƙin hadda. Ya rasu a Gwandu a shekara ta 1829, a can kuma kabarinsa yake. Ɗansa Muhammadu ne ya gaje shi, sa'annan Halilu. A zamanin Halilu ne matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya sauka a Gwandu a shekara ta 1853, ya ba da labarin yalwar itatuwan garin da ayaba da albasarsa, a nan kuma ya samu kwafin Tarihus Sudan, littafin tarihin daular Songhai.

Abin da ya biyo baya

Da Turawan Ingila suka ci ƙasar, sun tarar da Ta'alimur Rali a hannun malamai, kuma jami'ansu sun yi nazarinsa lokacin da suke ƙoƙarin fahimtar yadda ake mallakar ƙasa a Arewa. Amma tafarkin da suka bi daban ne. Dokar shekara ta 1910 ta sanya dukkan filayen Arewa a ƙarƙashin ikon gwamna, aka kuma shiga keɓe gandayen daji a ƙarƙashin hukumomin En'e. Bayan samun mulkin kai gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar kare namun daji a shekara ta 1963, da dokar keɓe makiyaya a shekara ta 1965. A shekara ta 1978 kuma gwamnatin soja ta damƙa filaye a hannun gwamnonin jihohi.

Duk da waɗannan dokoki, daji ya ci gaba da ja da baya. Farin da aka yi a farkon shekarun 1970 da kuma na shekarun 1980 ya kashe dabbobi da itatuwa masu yawa a faɗin yankin Sahel. Yawan jama'a ya ƙaru, gonaki suka cinye burtali a wurare da dama, saran itacen girki da yin gawayi suka yi ƙamari. Sakkwato da Kebbi da Zamfara suna cikin jihohi 11 na Najeriya da aka ware a matsayin masu fuskantar kwararowar hamada, waɗanda shirin Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a shekara ta 2007 ya shafa.

Ragowar manyan namun dajin da suka taɓa yawo a ƙasashen Gwandu yanzu sai a keɓaɓɓun wurare. Akwai gandun W a kudu da Sayi, wanda ya ratsa Nijar da Benin da Burkina Faso, aka kuma ayyana shi a shekara ta 1954. Akwai kuma raƙuman dawa na yankin Kure kusa da Yamai, waɗanda yawansu ya ragu zuwa kimanin 50 a shekara ta 1996, kafin haɗin gwiwar hukuma da masana da mutanen ƙauyuka ya sa suka sake haura ɗaruruwa. Darasin Kure shi ne dabbobin sun farfaɗo ne a tsakiyar gonakin mutane, bayan da mazauna wurin suka ga suna da rabo a cikin kare su.

Wannan ne ya sa masana muhalli a wasu ƙasashen Musulmi suka sake waiwayar tsarin hima. A Labanan, wata ƙungiyar kare halittu ta farfaɗo da shi tun daga shekara ta 2004, inda ake bar wa mutanen gari kula da wuraren da tsuntsaye masu ƙaura suke sauka. Hujjarsu ita ce mutane sun fi kiyaye dokar da suka san asalinta a addininsu da al'adarsu fiye da wadda aka ɗora musu daga sama.

A yau matashin Tambuwal ko Kebbe da yake son bin wannan fanni yana iya karanta ilmin gandun daji a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, ko ya tafi kwalejin tarayya ta kula da namun daji da ke Sabuwar Bussa a jihar Neja. A wannan jami'a ta Sakkwato da takwarorinta na Kano da Zariya, ɗaliban Larabci da na tarihi da na shari'a sun yi shekaru suna rubuta kundayen digiri a kan littattafan Abdullahi. Rayuwarsa ta nuna cewa fannonin biyu suna iya haɗuwa a hannun mutum guda, domin shi malamin nahawu ne da ya ga cewa faɗin hurumin rijiya da haƙƙin mai ƴan awaki a makiyaya sun cancanci a zauna a rubuta musu littafi. Fadar Sarkin Gwandu da ke Birnin Kebbi tana ɗauke da sunansa, kuma har yau ana karanta tafsirinsa a zauruka da masallatai, musamman a watan azumi.